Daga Bakori Zuwa Shika Da Kawu

Bayan sallar asuba muka bar Bakori, ni da Kawu da babban ɗansa. A kujerar baya muka kwantar da shi da matashin kai biyu, domin ƙugu ba ya barinsa zama, ga kuma jakar robar fitsari ɗaure a ƙafarsa. Ya daɗe yana fama. A gida wasu sun ce sanyin ƙashi ne, wasu sun ce basir, an sha jiƙe-jiƙe iri-iri. Sai ranar da fitsari ya ƙi fita sam aka kai shi asibiti, aka sa masa roba, aka ɗebi jini. Gwajin PSA ya haura ɗari, alhali na mai lafiya yawanci bai kai 4 ba. Shi ya sa aka tura mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A zuwan baya an ɗebi ɗan tsoka an kuma ɗauki hoto. Wannan zuwan na jin sakamako ne.

Mun ratsa Funtuwa gari na farkawa, muka kama hanyar Giwa. Kawu ba mai raki ba ne, amma duk ramin da mota ta faɗa sai ya runtse ido ya yi salati. "Direba, a hankali don Allah," iyakar abin da ya ce ke nan har muka isa.

A bakin ofishin likitan mafitsara dattawa ne jere a benci, da yawansu da irin jakar Kawu, kowa na ƙoƙarin rufe ta da babbar riga. Da layi ya zo kanmu, likitan ya jawo takarda ya yi zane. Furostet, in ji shi, wata 'yar tsoka ce mai girman goro, a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari. Kansa ce ke damun Kawu, kuma a nan ta fara, tana girma a hankali ba tare da ciwo ba. Yanzu ta bi jini ta sauka a ƙashin baya da na ƙugu, wato mataki na 4. Ciwon da ake ta shafa wa man zafi, ita ce.

"Likita, faɗa mini gaskiya, ana warkewa?"

"Baba, cire ta gaba ɗaya ya wuce. Amma ana danne ta, kuma mutane na yin shekaru da ita suna harkokinsu."

Sai ya yi bayanin da ban taɓa ji ba. Wannan kansa da sinadarin mazantaka take rayuwa, wanda maraina ke samarwa. In an yanke mata shi, sai ta lafa, ciwon ƙashi ya ragu, sau da yawa fitsari ma ya saki. Wani likita a Shikago ta Amurka, Charles Huggins, ya nuna haka tun 1941, har ya samu kyautar Nobel a 1966, kuma har yau a kan wannan ake gina maganin. Hanya biyu ce: ko allura irin Zoladex duk wata ko duk wata uku, ba fashi, ko ƙaramin aiki sau ɗaya a cire 'ya'yan maraina. Amfaninsu ɗaya, wahalarsu ma ɗaya: zafin jiki da gumi na zuwa kwatsam, sha'awa ta ragu, ga kasala, ƙashi kuma ya yi rauni.

Da aka ambaci aikin, ɗan Kawu ya sunkuyar da kai, ni ma haka. Na san nauyin maganar a wurin dattijo mai iyali. Amma ina ganin likitan ya kyauta da ya faɗe ta ƙarara, domin allurar da tsada, kuma wanda ya fara ya tsaya saboda rashin kuɗi ya ba ciwon damar dawowa. Manomin da sai ya sayar da buhun masara kafin ya hau mota ya cancanci a gaya masa duka hanyoyin biyu.

Likitan bai ɓoye mana cewa wata rana kansar kan koyi girma ko babu sinadarin ba. Akwai ƙwayar abiraterone da ƙarin ruwan docetaxel, waɗanda yanzu akan haɗa tun da wuri ga mai hali da ƙarfin jiki. Akwai gashi da na'ura a daidai ƙashin da ke ciwo. Akwai kuma mofin, maganin rage raɗaɗi, wanda mutanenmu ke gudu suna ganin alamar ajali ce. Barin tsoho ya kwana yana juyi alhali ga magani, wannan ba haƙuri ba ne. Abu ɗaya ya maimaita har sau biyu: in ƙafafu suka fara nauyi ko suka mutu, ko fitsari da bayan gida suka kufce masa, kada a jira gari ya waye, domin kansar ce ta danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya zaunar da mutum har abada.

A Samaru muka tsaya muka yi azahar, Kawu ya yi tasa a zaune, ya ɗan taɓa fura. Mun wuce Giwa kafin ya yi magana. Ya ce zai shawarci iyalinsa, amma zuciyarsa ta fi kwanciya da aikin, ba ya son a sayar da gona saboda allura. Sannan ya kira sunan ɗansa, wanda ya haura 45.

"Ka ji abin da likita ya ce, abin na bin jini. Kai da ƙannenka da baffanninku, kowa ya je a auna shi. Ranar Litinin za ka fara, kuma ka kawo mini takardar in gani."