Ka Saka Sabon RAM Kwamfuta Ta Ƙi Tashi? Kada Ka Yi Saurin Kai Ta Gwangwan

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu tsofaffin kwamfutoci, wai "ai har RAM na canza mata ba ta tashi ba, madabod ne ya mutu." Daga nan sai a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo, ta tafi da duk abin da ke cikinta. To ni dai abin da na gani a aikin gyara shi ne, sau da yawa sabon RAM ɗin ne matsalar, ita kuwa kwamfutar lafiyarta ƙalau.

Mu da muka tashi a ƙetaren kogin Kaduna, Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa, mun san gidaje da yawa da ke da irin waɗannan tsofaffin injina. Lokacin da masaƙun Kakuri suka riƙa rufewa a shekarun 2000, wasu iyayenmu sun koma sana'ar buga takardu da hoton kwafi. Kawuna yana cikinsu. Kwamfutarsa Pentium 4 ce mai Windows XP, kuma har yau da ita yake aiki duk da cewa Microsoft ya daina kula da XP tun 8 ga Afrilun 2014. Dalilinsa mai sauƙi ne: tsohuwar firintarsa da ita ta saba, sannan takardun yarjejeniyar haya da na cinikin filaye na mutanen unguwa na shekaru suna ciki.

Da farko sikirin ne ke yin shuɗi tana mutuwa ana tsakar aiki, daga baya in an kunna sai dai fanka ta juya, ta yi ta ƙara ɗit-ɗit, monita baƙi ƙirin. Aka aiki yaro cikin gari ya sayo sabon RAM mai 1GB, aka cire tsofaffin biyu masu 256MB aka saka shi. Ya zauna daram a gurbinsa, amma ƙarar tana nan. Kawu ya ce mini, "Ɗana, zo ka duba ta ƙarshe, in babu rai a sayar."

Abu na farko da na yi ban ma taɓa RAM ba. Na cire had-dis na haɗa shi da laftof ɗina ta wayar da ke mayar da IDE zuwa USB, na kwashe takardun kaf. Ku riƙe wannan da kyau: RAM ba ya ajiye komai in an kashe wuta, kamar tebur yake da ake baje aiki a kai, ita kuwa ma'ajiya had-dis ce. Ko kwamfuta ta mutu murus, bayananka galibi suna nan, don haka kada ka bari a tafi da ita da had-dis a ciki.

Sai na cire wayar wuta, na taɓa ƙarfen akwatin kafin in kama RAM. Wannan ba camfi ba ne, musamman da hunturu da jiki ke tara tartsatsi, irin wanda kake ji in ka taɓa ƙofar mota. Ɗan wannan tartsatsin ya isa ya lalata ƙwayar aisi. Na goge haƙoran tsofaffin RAM ɗin da kilinar fensir, na hure ƙurar gurabun, sannan na riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya a gurbi ɗaya. Na farko, ƙara. Na biyu, sai ga rubutu ya fito a monita. Ashe guda ne kawai ya lalace a cikin biyun, madabod yana da ransa.

Saura tambaya: me ya hana sabon aiki? Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin suna ɗauka duk RAM da ya shiga gurbi zai yi. Gaskiya ne kowane zamani da tsagarsa. DDR na farko haƙora 184 gare shi, yana cin bolt 2.5. DDR2 haƙora 240 da bolt 1.8, DDR3 shi ma 240 amma bolt 1.5 kuma tsagarsa a wani wuri daban take, DDR4 kuwa 288 da bolt 1.2. In ka ga ba ya shiga, kada ka danna da ƙarfi, ba nasa ba ne. Amma ko a cikin zamani ɗaya akwai bambancin da tsaga ba ta nunawa.

Na karanta lambar da ke jikin baƙaƙen ƙwayoyin sabon, na bincika ta a wayata. Sai na ga tsarinsu 128Mx4 ne, irin masu arahar nan da aka yi ta sayarwa a zamanin DDR na farko. Madabod ɗin kawu mai Intel 865 ne, shi kuwa 64Mx8 yake ganewa. Dukansu 1GB ne, dukansu ƙwayoyi 16 ne, a ido ba ka rabe su. Madabod da bai san irin na farkon ba, ko ya ƙi tashi gaba ɗaya ko ya nuna maka rabin girman. Mai shagon ma ba lallai ya san wannan ba, shi dai ya ga an rubuta PC3200.

Da na je canji an miƙo mini wani mai kyan gani, mai ƙwayoyi 18 da wasu ƙanana a tsakiya. Wannan na manyan kwamfutocin saba ne, za ka ga an rubuta ECC da REG ko harafin R a takardarsa, kuma ba ya aiki a kwamfutar gida. Na zaɓi wani na hannu mai 64Mx8, muka yi da mai shagon cewa in bai ci gwaji ba zan dawo da shi.

Gwajin nan fa shi ne rabin aikin. Tashin kwamfuta ba ya nufin RAM lafiyayye ne, yana iya tashi ya riƙa ɓata maka takarda a ɓoye. Akwai manhaja kyauta mai suna Memtest86+, ana saka ta a faifan CD ko filashi a tayar da kwamfutar da ita. Tana rubuta lambobi a kowane lungu na RAM tana sake karantawa, in ta ga saɓani sai jan layi ya fito. Layi ɗaya ma ya isa a ƙi RAM. A bar ta ta yi zagaye da yawa, ranar da ake da tsayayyiyar wuta. In jan layi ya fito, mayar da RAM ɗin wani gurbi ka sake. Idan matsalar ta bi shi, shi ne mai laifi. Idan kowane RAM ka saka a gurbi ɗaya sai ya yi ja, to duba madabod, musamman kafasitocin da ke kusa, ko sun kumbura ko sun tsiyayo. Kwamfutocin farkon shekarun 2000 sun yi fama da wannan cuta sosai. Namu ya wuce ba ja ko ɗaya. Na kuma canza ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo.

Wannan wahala ba mu kaɗai ke shan ta ba. A Turai da Amurka masu gyaran Commodore 64, kwamfutar gida ta 1982, suna fama da ƙwayoyi takwas masu lamba 4164 da ke ba ta 64KB. Lafiyayya in ta tashi tana nuna 38911 a matsayin sararin da ya rage, in ta nuna ƙasa da haka sun san wata ƙwaya ta gaza. Su ma sukan sayo na canji su tarar an kankare tsohuwar lamba an buga sabuwa, shi ya sa suke saka soket su gwada ɗaya bayan ɗaya kafin su yarda.

Masu laftof na hannu, ku kula da PC3 da PC3L a takardar RAM. Mai harafin L bolt 1.35 yake ci, kuma laftof da yawa masu Intel zubi na huɗu shi kaɗai suke karɓa. Masu waya kuma, RAM ɗinku a liƙe yake da dalma, ba a ƙara shi. Abin da Samsung ke kira RAM Plus ko Tecno ke kira Memory Fusion aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma bai kai na gaske gudu ba. Inda ake cutar ku shi ne memori na jabu, a rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai ba, hotuna su yi ta ɓacewa. Gwada shi a kwamfuta da H2testw kafin ka zuba abin da kake ji da shi.

Don haka kafin ka je sayen RAM, ɗauki hoton takardar tsohon da lambar madabod a wayarka, ka tafi da tsohon a aljihu, kuma ku yi da mai shago cewa akwai canji. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado, ya fara kwashe had-dis tun yau, gyara ya biyo baya.