Garin Neman Gira

Na haura shekara arba'in kafin na mallaki babur ɗin da nake mafarki tun ina saurayi: Honda CBR600RR ƙirar 2007, ɗan Kwatano, mai silinda huɗu da inji mai girman cc 599. Lafiyarsa ƙalau na saye shi. Amma ɗan Adam ba ya ganin abu ya ƙyale shi yadda ya same shi. Ko wata biyu ba a yi ba na fara ganin cewa injiniyoyin Japan sun bar mini sauran aiki.

Da salansa na fara, kamar yadda kusan kowa ke farawa. Na sa aka kwance na asali, aka ɗaura wani mai ɗauke da tambarin Akrapovič, shahararren kamfanin nan na ƙasar Sulobeniya. Kuɗin da na biya ya isa ya shaida mini jabu ne, sai dai kunnena ya riga hankalina yanke hukunci. Aka sauya matatar iska da wadda ta fi buɗewa, aka kuma rage haƙori ɗaya a faifan gaba da sarƙa ke hawa, daga 16 zuwa 15, domin babur ya riƙa zabura da an taɓa totur. Na ƙara da ƙananan madubai masu kyan gani, waɗanda ba sa nuna komai sai gwiwar hannuna.

Abin da ban tsaya na yi nazari a kansa ba shi ne, inji tsari ne guda, ba tarin ƙarafa ba. Fetur yana ƙonewa sosai ne idan ya gauraya da iska gwargwadon kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi, kuma an saita kwamfutar babur ta riƙa auna mai daidai da numfashin salansa da matatar da aka ƙera shi da su. Da na buɗe masa hanci da maƙogwaro ban sake saitin ba, sai iska ta rinjayi mai. Ya fara zafi fiye da da, yana fizga a cikin cunkoso, yana harbi kamar bindiga idan na saki totur. Ni kuwa harbin nan nake ji a matsayin ƙarfi. Haƙorin da na rage shi ma ya zo da nasa: da yake daga giya ake auna gudun wannan babur, agogon ya koma ƙara kusan kashi bakwai cikin ɗari a kan gaskiya. Na biya kuɗi, ashe, domin babur ɗina ya riƙa yi mini ƙarya.

Gargaɗin farko daga maƙwabcina ya zo, dattijon da matarsa ke fama da hawan jini. Ya tare ni bayan sallar asuba, muka gaisa, sannan ya ce: "Malam, mun gode Allah da ya hore maka abin hawa. Sai dai duk ranar da ka yi sammako, Hajiya ba ta komawa barci." Bai ƙara ko kalma ba. Na ba shi haƙuri, na koma tura babur zuwa bakin titi kafin na tayar, amma salansan ban cire ba. Kunya na ji, ban dai ji magana ba.

Gargaɗi na biyu ya zo a kan hanyar Zariya zuwa Kano, da yammacin wata Alhamis bayan an ɗan yi yayyafi. Wani yaro mai tallar rake ya tsallako titi ba tare da ya duba ba. Na damƙe birki, tayar gaba ta zame, babur ya yi tangal-tangal, Allah ya sa na sassauta hannu ta sake kama kwalta. Tsakanina da yaron bai kai kamu uku ba. Na gangara gefe na zauna a kan dutse, ƙafafuna suna rawa, ina tunanin abin da zan faɗa wa mahaifiyarsa da abin ya auku.

Washegari bakanikena, wanda ya girme ni, ya tsuguna ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefen tayar: 1812. Ma'anarsu mako na 18 na shekarar 2012. Tayar ta haura shekara goma, zanenta bai cinye ba amma robar ta bushe ta yi tauri. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara idan ta kai biyar, a kuma sauya ta idan ta kai goma komai kyanta. Ya taɓa man birki, ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Ya ce: "Malam, ka kashe kuɗi a kan abin da mutane za su ji, ka bar abin da zai tsayar da kai."

Wannan magana ita ce dalilin rubutun nan. Ban ce yi wa babur kwaskwarima laifi ba ne; akwai daɗi na gaske a daidaita na'ura da jikinka da nauyinka da irin hanyar da kake bi. Amma akwai tsari. Babur mai gudun da ya haura kilomita 200 a awa yana taɓa ƙasa ne a wurare biyu kacal, kowanne bai kai tafin hannu ba. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take sau huɗu. Don haka taya ce farko, sai birki da mansa, sai saitin shakazoba, sai hular kwano ta ƙwarai da riga mai kariya. Ƙara da launi su ne na ƙarshe, idan kuɗi ya ragu. Duk wanda kuma ya taɓa numfashin inji, to ya nemi wanda ya iya saita kwamfutarsa.

Halin ba na masu manyan babura kaɗai ba ne. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano a watan Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya a kai domin su wuce jami'ai. Mun yi musu dariya, alhali ni da karatuna abin da na yi ke nan: na sayi kamannin abu na bar amfaninsa.

Na mayar da salansan asali da matatar da faifan, na sa sababbin tayoyi, aka sauya man birki. Jabun Akrapovič yana rataye a garejina, ban sayar ba, don kada na miƙa wa wani abin da na tsira daga gare shi. Kwanan baya dattijon nan ya tambaye ni ko na rabu da babur ɗin ne, domin ya daina jin fitata. Na ce masa yana nan, Baba, gyara shi na yi.