Wane Ne Jarumi? Daga Ƙasar Girka Zuwa Ƙasar Gumel

Bahaushe bai yi wa mai ƙarfin zuciya rowar suna ba. Yana da jarumi, yana da gwarzo, da sadauki, da barde, da ƙi-gudu, in kuwa duk waɗannan sun gaza masa sai ya dunƙule magana ya ce wane namiji ne. Yawan sunayen abu a cikin harshe alama ce ta yadda abin ya daɗe yana kai da kawowa a zukatan masu harshen. A zamanin nan kalmar jarumi ta sami sabon gida, domin yaro in ya ji an ambace ta, ɗan wasan fim na Kano ne zai fara faɗo masa a rai. Wannan ba laifi ba ne, harshe ai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma ya kamata ɗalibin Hausa ya san abin da kalmar take ɗauke da shi tun kafin ta kai ga wannan matsayi, kuma hanya mai sauƙi ta gane naka ita ce ka ajiye shi kusa da na wani.

Girkawan dauri, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunanawa, suna cikin al'ummun da suka fi kowa tattalin labaran jarumansu. Mawaƙinsu Homa, wanda masana ke kyautata zaton ya rayu wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ake jingina wa dogayen waƙoƙi biyu, ɗaya kan yaƙin birnin Taroyi, ɗaya kan komawar Odisiyus gida bayan yaƙin. Duk mai bin waɗannan labarai zai lura da wasu siffofi da suke ta maimaituwa a jikin jarumi, kuma abin sha'awa shi ne kusan kowacce tana da 'yar'uwa a ƙasar Hausa, ko da yake 'yan'uwan ba tagwaye ba ne.

Siffa ta farko ita ce asali. Jarumin Girka ba ya fitowa daga gidan kowa da kowa. Hirakilis, a faɗarsu, ɗan babban abin bautarsu ne Ziyus, uwarsa kuwa 'yar Adam. Akilis uwarsa aljanar teku ce, ubansa sarki. Bahaushe bai jingina gwarzonsa ga abin bauta ba, sai ya jingina shi ga gabas. Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne, kuma gidajen sarauta da yawa, har da na Gumel mai alaƙa da Barno, can suke fuskantar da tarihinsu. Manufar dai ɗaya ce, wato a nuna cewa mutumin da ya yi abin da ya gagari jama'a ba daga cikin jama'ar ya tsiro ba.

Inda kamannin ya fi ban mamaki shi ne tsakanin Bayajidda da wani jarumi da ake kira Kadmus. Shi Kadmus baƙo ne a Girka, ɗan sarki ne daga ƙasar Finisiya, wajen Lubnan ta yau. Da ya iso inda zai kafa birnin Tibis sai ya aiki mutanensa su ɗebo ruwa a wani marmaro, ashe akwai ƙaton maciji da ke gadinsa, ya hallaka su. Kadmus ya je ya kashe macijin, ya kafa gari, ya auri 'yar manya, zuriyarsa suka yi sarauta. Mai karatu ba ya bukatar a tuna masa da Kusugu. Baƙo daga gabas, wanda ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, nan kusa da mu a ƙasar Haɗeja, ya tsaya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura da dare ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijiya. Ya sare kanta, ya auri Daurama, aka haifi Bawo. Ba wanda zai ce Daurawa sun ji labarin Tibis, ko mutanen Tibis sun ji na Daura. Abin da ya haɗa su shi ne ruwa. A ƙasar da rijiya take da zurfi, irin wannan yanki na Maigatari da Sule Tankarkar, ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba kafin ya gane cewa wanda ya buɗe wa gari rijiya ya cancanci rabin garin.

Sai dai akwai bambanci guda wanda bai kamata a tsallake shi ba. Macijin da Kadmus ya kashe na wani abin bautarsu ne, saboda haka sai da ya yi bautar shekara takwas don ya wanke laifin, kuma a ƙarshen rayuwarsa shi da matarsa suka rikiɗe suka zama macizai. Wato Bagirke yana ganin ko kisan dodo ma bashi ne, sai an biya. Bayajidda bai biya kowa komai ba. Shi aka biya. A labarin Daura macijiya azzaluma ce kawai, kashe ta alheri ne tsantsa. Wannan ɗan bambanci zai sake ɓullowa nan gaba a wani wuri mafi nauyi.

Siffa ta biyu ita ce jikin da ƙarfe ba ya ci. Hirakilis ya kashe zakin Nimiya, wanda kibiya ba ta huda fatarsa, ya feɗe shi ya riƙa yafa fatar. Akilis kuwa marubutan baya, ba Homa ba, sun ce uwarsa ta tsoma shi cikin wani kogi tun yana jariri don kada makami ya kama shi, amma diddigen da ta riƙe bai taɓa ruwa ba, kuma nan kibiya ta same shi. Bahaushe yana da kalmomi biyu da suka ɗauke wannan labari duka: tauri da lago. 'Yan tauri har yau suna fitowa a hawan salla suna gasa wa cikinsu wuƙa tana lanƙwashewa, mayaƙan dauri kuma ba sa fita sai da layu da guraye da rigar yaƙi da aka sha wanke ta da rubutu. Amma duk wanda ya sha tauri an san yana da lago, wani abu ƙanƙane da in an gano shi maganin ya karye. Kuma a labaran baka, sau da yawa ta hannun mace ake gano shi, kamar yadda Hirakilis, wanda ya gagari zaki da macizai, rigar da matarsa ta aika masa ce ta yi ajalinsa, ita kuwa ba ta san an shafa mata guba ba. Masu ba da labari na ƙasashen biyu sun gane abu ɗaya: gwarzon da ba shi da lago ba shi da labari, domin ba wanda zai zauna sauraron karon da aka san ƙarshensa tun farko.

Siffa ta uku, wadda ita ce uwar sauran, ita ce suna. Homa ya nuna Akilis yana sane da hanyoyi biyu da ke gabansa: ya koma gida ya tsufa ba wanda ya san shi, ko ya tsaya a Taroyi ya mutu da ƙuruciya sunansa ya ɗore. Ya tsaya. Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma babu inda ake ganin gaskiyar wannan kamar filin dambe lokacin kaka, inda kalangu kan tayar da wanda ya riga ya zauna. Mazan dambe nawa aka yi a zamanin Shago waɗanda hannunsu bai gaza nasa da yawa ba? An manta da su, shi kuwa ana tuna shi, domin shi ya sami Ɗan Anace. Jarumi da maroƙinsa kamar guga ne da igiya. Wannan shi ya sa nazarin kirari bai kamata a ɗauke shi ƙaramin aiki a sashenmu ba, domin a nan ne al'umma take ajiye hukuncinta a kan mutum.

To, a nan ne magana take tsananta. Girkawa ba su ɓoye aibin jarumansu ba. Hirakilis hauka ya kama shi ya kashe 'ya'yansa na cikinsa, ayyuka goma sha biyun nan da ya shahara da su kaffara ce. Akilis fushi ya sa ya janye daga yaƙi har aka karkashe mutanensa, daga baya ya ɗaure gawar Hekta a bayan keken doki yana ja. Mafi muhimmanci, Homa ya shiga cikin birnin abokan gaba ya nuna Hekta yana sallama da matarsa da ɗansa, ya nuna tsohon uban ya zo da dare yana roƙon a ba shi gawar ɗansa. Maroƙin fada ba ya iya wannan, ba don ƙarancin basira ba, sai don bakin da ya ci shi ke godiya.

Mutumin ƙasar Gumel ya fi kowa sanin illar haka, saboda inda Allah ya ajiye shi. Masarautar Lautai ƙarama ce, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, ga Kano ta kudu da yamma, ga Haɗeja ta gabas, ga Damagaram ta arewa, kowacce da gwarazanta. A Haɗeja, Sarki Buhari namijin duniya ne: Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, ya ƙi tuɓuwa, ya dawo ya ƙwace gadonsa, ya fatattaki rundunar da aka haɗo masa a Kaffur, bai sake miƙa wuya ba har ya gamu da ajalinsa a yaƙin Bade a 1863. Duk siffofin Akilis yana da su, har da fushin. Amma a ƙauyukan gabashin Kano da ya yi shekaru yana kai wa hari yana kwasar bayi, wane suna ake kiransa? Haka Tanimu na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, mai igwa da ganuwa, abin alfahari ne a Zinder, alhali a kudancinsa hayaniyar dawakinsa gudu take sawa. Su ma sarakunan Gumel ba 'yan kallo ba ne. Sun daɗe suna karawa da Haɗeja har Sarki Abdullahi ya faɗi a fagen fama a 1872. Ranar nan an yi kiɗa a gari ɗaya, an yi kuka a ɗayan, tsakaninsu kuwa tafiyar kwana biyu ce ko ƙasa da haka.

Wannan ba zancen da ya wuce ba ne. A 'yan shekarun nan an ji waƙoƙin da aka yi wa shugabannin 'yan bindigar dajin Zamfara, da irin kalmomin da aka san ana yi wa sadaukai kirari da su, yara kuma suna ɗauka a wayoyinsu. Mutane sun yi tir, kuma sun yi daidai. Amma mawaƙin bai ƙago sabon abu ba. Ya tarar da ma'auni ne a ajiye, wanda ke auna ƙarfi da rashin tsoro da gagara, bai taɓa auna wanda aka taka ba, sai ya ɗauka ya auna nasa gwanin.

Akwai kuma wata siffa da Girkawa suka girmama, Bahaushe ya yi mata riƙon sakainar kashi, wato dabara. Odisiyus ba shi ne mafi ƙarfi ba, amma shi ya kawo shawarar dokin katako da aka ci Taroyi da shi, kuma da aka zo rabon makaman Akilis shi aka ba, aka hana ƙato Ajas, wanda baƙin ciki ya sa ya kashe kansa. A wurinmu mai dabara Gizo ne, Gizo kuwa dariya ake yi masa, ba a yi masa tambari. Musulunci ya zo ya ƙara wa mutuwar fagen fama daraja ta daban, ta zama shahada, shi ya sa Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi a 1903, da Sarkin Haɗeja Muhammadu da ya faɗi cikin birninsa a watan Afrilu na 1906, suke da matsayin da ba mai jayayya da shi. Sarkin Gumel Ahmadu kuwa ya karɓi Turawa ba tare da yaƙi ba a 1903, garinsa bai ƙone ba, mutanensa ba su mutu ba. Wanda ya auna da ma'aunin maroƙa zai ga ba abin waƙa a nan. Amma ƙaramar masarauta da ta yi shekara fiye da ɗari tsakanin manyan kuraye ba tare da an haɗiye ta ba, lalle ba takobi kaɗai ya tsare ta ba. Akwai gaisuwa da aka kai, da aure da aka ƙulla, da lokacin da aka san a sunkuya.

Ɗaliban da ke fita neman labaran baka sukan nufi fada kai tsaye, su zauna gaban makaɗa da 'yan majalisa, su dawo da jerin sarakuna da kirarinsu. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, da rumfunan kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, inda Bamange da Bafillace da mutumin Damagaram suke zama tabarma ɗaya, akwai tsofaffin da suka ji wani irin labari daga kakanninsu: kufan da aka tashi daga cikinsa, da dajin da aka ɓuya, da 'yar'uwar da aka tafi da ita ba ta dawo ba. Ba su da kalangu, kuma kowace damina adadinsu raguwa yake yi.