Tallar Likitan Haƙori: Sake a Amurka, Sharaɗi a Ingila, Takunkumi a Faransa

Likitan haƙori da ya buɗe asibitinsa a Amurka, da zarar ya sayi kujerar aiki da na'urar ɗaukar hoto, yakan nemi marubucin talla. Wannan mutum bai san yadda ake ciko ba, bai taɓa cire haƙori ba. Sana'arsa ita ce ya tsare likita da tambaya: su wa ke zuwa, me suke tsoro, wane aiki ya fi kawo kuɗi? Daga nan sai ya tsara shafin intanet na asibitin, ciko da ɓangarensa, dashen haƙori da nasa, gyaran jerin haƙora da nasa, domin duk abin da mutum ya nema a Google sunan asibitin ya fito a sama. Inda likita ya rubuta sunan ciwon dasashi da yaren likitoci, shi sai ya goge, ya tambayi mai karatu ko yana ganin jini idan ya wanke baki. Ga lambar waya ɓaro-ɓaro, ga rangwame ga sabon zuwa, ga yabon waɗanda aka yi wa aiki.

Ba haka Amurka ta tashi ta ga kanta ba. A farkon ƙarni na 20 an yi wani Edgar Parker, haifaffen Kanada, wanda yake yawo da keken doki da makaɗa yana cire haƙora a bainar jama'a, kiɗa na danne ihun wanda ake cire wa. Da hukuma ta matsa masa kan iƙirarin cewa aikinsa ba zafi, sai ya tafi kotu a 1915 ya mayar da sunansa Painless, wato marar zafi. Bokitin haƙoran da ya cire yana nan a gidan tarihi na Jami'ar Temple da ke Filadelfiya. Irinsa ne suka sa jihohi suka ɗaure tallar likitocin haƙori, kuma a 1935 Kotun Ƙoli ta goyi bayan dokar jihar Oregon a kan haka. Sai a 1977 aka juya, lokacin da kotun ta ba lauyoyi damar talla a shari'ar Bates. Bayan shekara biyu, ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasar ta amince da hukumar ciniki ta tarayya cewa ba za ta ƙara hana 'ya'yanta ba.

Tushen abin kuɗi ne. Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, ba ta biyan kuɗin ciko da wankin haƙori, inshorar kamfanoni kuma takan tsaya tsakanin dala 1,000 da 2,000 a shekara. Ragowar daga aljihu yake fita, wanda kuwa zai biya da kansa dole a lallashe shi. Manyan iyakokin marubuci biyu ne: kada ya yi ƙarya, kada kuma ya saka hoto ko labarin majinyaci ba tare da izininsa a rubuce ba, saboda dokar sirrin marasa lafiya ta 1996.

A Ingila marubucin yana aiki ne da littafin ƙa'ida a gefensa. Hukumar GDC, mai yi wa likitocin haƙori rajista, ta wajabta shafin ya nuna lambar rajistar likita, da takardar shaidarsa da ƙasar da ya samo ta, da hanyar kai ƙara, da ranar da aka sabunta shafin. Likita ba ya kiran kansa ƙwararre a wani fanni sai sunansa yana cikin jerin da hukumar ta ajiye. Duk wani iƙirari kuma, hukumar sa ido kan talla tana iya cewa a kawo hujja.

Akwai aikin da ba ya bukatar kowane marubuci. A watan Fabrairun 2024, da aka buɗe wani asibiti a unguwar St Pauls ta birnin Bristol mai karɓar marasa lafiya a ƙarƙashin tsarin gwamnati na NHS, ɗaruruwan mutane suka yi layi cikin sanyi har 'yan sanda suka zo. Shi ya sa basirar marubutan talla a Ingila take ƙarewa kan ayyukan masu biya da kansu: hasken haƙori, dashe, da gyaran jerin haƙora na Invisalign.

Faransa ta fi kowa jan ƙafa. Kundin ɗa'ar likitocin haƙorinta ya ce sana'ar ba kasuwanci ba ce, kuma shekara da shekaru talla kowace iri haramun ce. Wani likita ɗan Beljiyam, Luc Vanderborght, wanda aka gurfanar saboda allon talla da shafin intanet, shi ne ya ɓalle ƙofar: a watan Mayun 2017 kotun Tarayyar Turai ta ce hanin baki ɗaya ya saɓa wa dokar tarayyar. Faransa ba ta gyara tata ba sai a Disambar 2020. Yanzu likita yana iya bayyana karatunsa da ayyukansa da farashinsa, amma ba ya kawo yabon majinyaci, ba ya kwatanta kansa da wani, ba ya kwaɗaita wa mutane aikin da ba su bukata. Ostireliya ma ta hana yabon majinyata a sashe na 133 na dokarta. Jimlar da aka biya marubuci ya ƙawata a Texas, ita ce za ta kai likita gaban kwamitin ladabtarwa a Faris ko Sidni.

Nijeriya ta fi kusa da wannan ɓangare. Ƙa'idar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, ta hana likita tallar kansa da farautar marasa lafiya, ga shi kuwa mai maganin ciwon haƙori yana zagaya kasuwa da lasifika yana alƙawarin warkewa nan take.

Giɓin da ke tsakanin dokokin ƙasashe ya fi fitowa fili a intanet, domin kowace doka a bakin iyakar ƙasarta take tsayawa. Likitan Manchesta yana auna kowace kalma, amma majinyacinsa yana buɗe Instagram zai ci karo da tallar asibitocin Antalya da Istanbul cikin Turanci mai santsi: fararen haƙora reras cikin 'yan kwanaki, har da otal da motar ɗauka daga filin jirgi, a farashin da bai kama ƙafar na gida ba. GDC ba ta da iko a kansu. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Birtaniya ta sha kokawa cewa idan aka fere haƙora aka ɗora musu rufi a can, daga baya aikin ya ɓaci, kujerar 'ya'yanta ake komowa neman gyara.