Kunama a Unguwar Shanu

Masu nazarin adabin baka sun daɗe da sanin cewa Bahaushe na iya son tauraron da ba mutumin kirki ba. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, amma shi yara ke jira a tatsuniya. Ni kuwa, Gizon ƙuruciyata a akwatin talabijin yake, a wani shagon wasan gem a Unguwar Shanu, cikin Kaduna ta Arewa. Sunansa Scorpion, na wasan Mortal Kombat, amma mu Kunama muke ce masa.

Kamfanin Midway na Chicago ne ya fitar da wasan a 1992, ƙirar Ed Boon da John Tobias. A labarin, Kunama mamaci ne da Sub-Zero ya kashe, ya dawo daga wuta don ɗaukar fansa. Idan ya tuɓe takunkuminsa, ƙoƙon kai ne ke feso wuta. Mun saba da rabon da masu kallon fim ke yi, ga jarumi ga bos, sai ga wanda bai shiga ko ɗaya ba. Muna tsoronsa, muna kuma faɗa a kan wa zai riƙe shi.

Sai da na girma na san cewa ƙarancin wurin ajiya a na'ura ne ya haife shi a wannan siffa. Mutum ɗaya, Daniel Pesina, aka ɗauki hotonsa, aka rina tufafin: ruwan ɗorawa Kunama, shuɗi Sub-Zero, kore kuma Reptile, wanda aka ɓoye. Ba ya fitowa sai ka ci zagaye biyu a kan gadar nan mai tsinin ƙarfe a ƙasa, ba a taɓa ka ba, ba ka kare ba, ka gama da kisan ƙarshe, sannan wata inuwa ta gitta gaban wata. Da wannan sirri ya tabbata, kowace jita-jita ta sami gindin zama. A shafin lissafin na'urar asali akwai kalmar ERMACS, wadda ke ƙirga kurakuran na'urar kawai. 'Yan wasa suka ce sunan wani jan ninja ne. Babu shi, amma zancen ya yi ƙarfi har kamfanin ya ƙirƙiro Ermac a 1995, cikin Ultimate Mortal Kombat 3, fitowar da ta dawo da Kunama bayan an cire shi daga kashi na uku. Zancen baki ya tilasta wa mawallafi gyara littafinsa.

Mu ma muna da namu isnadin. Babu mujalla, babu intanet. Wani ya ji daga yayansa, shi kuma daga wani ɗan Kawo. Kaset ɗin Sega na 1993 yana ɓoye jini sai an danna A, B, A, C, A, B, B, kuma muna rera haruffan nan kamar hadda. Jinin nan na cikin abin da ya kai wasan gaban Majalisar Dattawan Amurka a shekarar, har aka kafa hukumar tantance wasanni a 1994. Mu dai abin da ya dame mu kada a ɗauke wuta kafin layi ya zo kanmu.

Abin da ya rage mini daga zamanin shi ne kaset ɗaya da na saya a Kasuwar Barci, da littafin rubutu mai shafi arba'in. A cikinsa akwai dabarun kowane ɗan dambe da Hausar yara: baya, baya, naushi, Kunama ya jefa igiya. Akwai laƙabobi, akwai kirarin da muke yi wa gwani, akwai ƙarairayin da muka gaskata.

Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 hirar dare ce kawai a wurin masu ba da su, yau kuwa muna rubuta kundaye a kansu. Shagunan gem na wancan zamani sun koma wuraren cajin waya da kallon ƙwallo, waɗanda suka yi wasan kuma furfura ta fara kama su. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa duk suna gefenmu na kogi, tafiyar Keke Napep ɗaya daga Unguwar Shanu. Ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya ɗaukar rikoda ya bi Badarawa da Malali da Abakwa, ya tambayi magidanta sunan da suke kiran Sub-Zero, tun suna iya tunawa.