Aureol, Farin Jirgin da Ya Kai Iyayenmu Ingila

A Kano babu teku, amma akwai dattawan da suka san teku. Wanda ya taso a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san gidajen tsofaffin ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta, waɗanda suka yi gini tun unguwar tana bayan gari. A falon wasu daga cikinsu akwai hoton maigida yana saurayi, sanye da kwat, ya dafa ƙarfen jirgin ruwa. In ka tambaya, sunan da za ka fi ji shi ne Aureol.

Jirgin kamfanin Elder Dempster ne, wanda Alexander Stephen and Sons suka ƙera a Gilasgo, ya fara aiki a 1951. Sunan wani dutse da ke Firitawun ta Saliyo aka ba shi. Fari ne tas, da bututun hayaƙi ɗaya rawaya, girmansa ya ɗan haura tan 14,000, yana ɗaukar fasinja sama da 300. Yana da yayye biyu, Accra da Apapa, amma shi ne ɗan lelen kamfanin, kuma da shi ake tinƙaho.

Tafiyar daga tashar jirgin ƙasa ta Kano take farawa. Dangi su yi rakiya, liman ya yi addu'a, a ɗora akwatin ƙarfe. Sai Zariya, Kaduna, Minna, a haye gadar Jebba, a wuce Ibadan, a sauka Ikko. A Apapa ne Bakano zai fara ganin ruwan da ba shi da tsallake. Daga nan kusan mako biyu ne zuwa Libaful, ana yada zango a Gana da Firitawun da Las Palmas.

Wani tsohon shugaban makaranta da muke zuwa gaisarwa a bayan titin Zariya ya fi son ba da labarin ɗakin cin abinci. Ya ce ranar farko ya tarar an jera masa cokula da wuƙaƙe dama da hagu, ya rasa da wanne zai fara, sai ya zuba wa na kusa da shi ido. Kafin a kai Las Palmas hannunsa ya faɗa. Nama kuwa bai yarda ya taɓa ba, ya tsaya ga kifi da ƙwai, da dare ya koma ɗaki ya kwance ƙunshin kilishi da dambun da mahaifiyarsa ta sa masa a akwati. "Ɗana, alƙibla ce ta fi ba mu aiki," in ji shi. "Ka yi azahar kana kallon nan, kafin la'asar jirgi ya karkata."

Abin da nake kewa a wannan zamani shi ne jinkirin. Matafiyi yana samun sararin sabawa: zafin Ikko yana raguwa kullum, sanyi na shigowa a hankali, kunne na sabawa da Turancin matuƙa. A can ne ɗan Kano yake fara zama teburi ɗaya da ɗan Ibadan da ɗan Kumasi, kuma an ƙulla abotar da ta kai har tsufa.

Jirgin sama ne ya ci kasuwar jiragen ruwan, kuma Kano na da hannu a ciki, don filin jirginmu ya mayar da tafiyar Landan ta sa'o'i. Aka sayar da Accra da Apapa kafin 1970, Aureol ya ci gaba shi kaɗai har 1974. Attajirin Girka John Latsis ya saye shi, ya sa masa suna Marianna VI, ya kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. A shekarun da alhazanmu suka yi ta tururuwa zuwa Jidda ta sama, yana nan ɗaure a tashar ruwan garin. Daga baya aka ajiye shi a Girka, sannan a 2001 aka kai shi Alang ta Indiya aka yayyanka shi.