Shawara Ɗaukar Ɗaki

Mu shida ne muke koyar da Hausa a wannan sashe, kuma akasarin ɗalibanmu ba da Hausa suka tashi ba. Mun daɗe kowa yana fama da matsalarsa shi kaɗai, don gudun kada a ce ya gaza. Sai da ɗaliban wani aji suka riƙa zarewa, har aka fara zancen soke darasin, sannan muka yarda mu riƙa zama kowace Alhamis, mutum ɗaya ya kawo damuwarsa, sauran su taya shi dubawa.

Ba mu muka ƙago wannan tsari ba. A shekarun 1950, Michael Balint ya riƙa tara likitoci a Landan, ɗaya ya ba da labarin majinyacin da ya dame shi, 'yan'uwansa su tattauna.

Zamanmu na farko bai yi armashi ba. Kafin malamin ajin ya rufe baki, manyanmu sun rufe shi da nasiha, ƙanana kuwa kunya ta hana su tofawa. Ya tashi da shawarwari barkatai, babu wadda ta dace da ciwonsa. Saboda haka muka kafa ƙa'ida: mai matsala ya yi bayani na minti 10, sa'annan a yi masa tambayoyi kawai, ƙarami ne kuma zai fara. Abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita.

A zama na biyu, ƙaramar cikinmu ta ce, "Malam, idan ɗalibi ya ce kafa maimakon ƙafa, me kakan yi?" Ya ce yakan sa shi ya maimaita a tsaye har sai ya faɗa daidai. Bai ƙarasa ba ya yi shiru, domin ya ji amsar daga bakinsa. Ashe ba wuyar Hausa ce take korar yaran ba, dariyar 'yan ajinsu ce. Babu wanda ya gaya masa abin yi. Shi da kansa ya koma gyara furuci a ƙananan rukunoni, ɗalibai suka fara dawowa, darasin ya tsira.

Har yau riƙe baki yana yi mana wuya, musamman mu da sana'armu magana ce. Amma mun gane cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Namu dai shi ne mu riƙe masa fitila ya duba.